Yatsan Sallau

An yi wani mutum, Sallau sunansa, ya ci amanar unguwa guda saboda ƙyuyar tafiya. Ku saurara, don ni na gaji da maimaita irin wannan magana.

Shekarar da murar nan mai toshe numfashi ta shiga wani gari, likitoci suka ce akwai masu ɗauke da ita ba tari, ba zazzaɓi, suna ta rabawa ba su sani ba. Amma in ciwon ya ratsa mutum, yakan bar alama a jininsa. Sai aka tura ma'aikata biyu su bi gida-gida, su ɗiga jinin yatsan masu lafiya a kan ɗan katin gwaji. Aka ba Sallau Unguwar Gabas, aka ba wani bawan Allah, Ilu, ta Yamma.

Ilu ya sha rana. Ya yi sallama, a kore shi. Wata tsohuwa ta ce, "Kai ɗan nan, lafiyata lau. Jinin nawa wa za ka kai wa?" Ya durƙusa ya yi bayani, ya sake yi. Sati biyu yana wannan, ƙafafu duk sun kumbura.

Ran nan ya tarar da Sallau a rumfar mai shayi, yana huda yatsansa, kati bayan kati, yana rubuta sunayen mutane.

"Malam Sallau, wannan fa jinin mutum ɗaya ne."

"Jini ai jini ne. Zauna ka sha shayi, ustazu."

Ilu ya gaya wa shugabansu, aka ce hassada ce. Ya yi shiru, ya koma bakin aikinsa.

Sakamako ya fito. A Yamma, ciwon ya ratsa kusan rabi. Gabas kuwa fes, domin Sallau bai taɓa kamuwa ba. Mutanen Yamma suka yi ta zagin Ilu, wai ya ɓata musu suna. Amma dole suka bi umarnin likitoci: gaisuwar Juma'a ga tsofaffi, sai dai daga bakin ƙofa. A Gabas aka ci gaba da shiga har ƙuryar ɗaki, a zauna tabarma ɗaya.

Kafin wata biyu Ilu ya raka gawa bakwai, duk tsofaffin Gabas. Yana tafe a bayan makara yana tambayar kansa ko ya yi saurin yin shiru.

Jama'a, aikin da kake yi ba mai ganinka, a nan ake auna tsoron Allahnka. Kai da aka ba takarda ka cika, ke da aka ba marar lafiya ki duba, ran wani na rataye a hannunku. Ku yi shi yadda Ilu ya yi, ko da za a zage ku.

Sallau kuwa, da aka sake gwajin, aka kore shi daga aiki. Gawa ta bakwai mahaifiyarsa ce.