Littafin da Ya Sha Man Ƙosai

Ga wata nan tafe gare ku. Ku gyara zama, don in ta ƙare ku za ku yanke hukuncin, ba ni ba.

A wata jami'a a nan Arewa an yi wata ɗaliba mai suna Shafa'atu, 'yar ajin ƙarshe a sashen lissafi. Lissafi kam Allah ya ba ta. Tun tana firamare, in malam ya rubuta tambaya a allo, kafin ya kaɗe allin hannunsa ta gama. Su huɗu ne a ɗakinsu: ita, da Suwaiba mai karatun aikin laburare, da Balaraba mai karatun aikin jarida, da Ramlatu mai karatun haɗa sinadarai. Shekara huɗu risho ɗaya, tukunya ɗaya.

Malamin da ke duba kundinta na gama karatu wani tsohon farfesa ne, ɗalibai suna ce masa Baba Sifiri a bayan idonsa, don ba ya jin nauyin zana wa mutum ƙaton sifiri a takarda. Sau uku yana dawo mata da kundin. A na huɗu, ranar wata Alhamis, ya cire tabarau ya dube ta.

"'Yata, lissafinki duk daidai ne. Amma 'ya'yan kika sani, ba ki san iyayensu ba. Wannan sifirin da kike ta watsawa a kowane shafi, daga ina ya zo? Wa ya haife shi?"

"Malam, ba a koya mana ba."

"Ni ma ba a koya mini ba, a littafi na gani. Wani tsohon littafin tarihin lissafi mai koren bango, na are shi a laburaren nan ina ajin farko. Ki nemo shi, ki rubuto mini babi guda daga cikinsa. Ba na son abin da kuke kwasowa a waya. Alhamis mai zuwa ake rufe karɓar kundi. Babu babin, babu sa hannuna."

Babu sa hannu kuwa, sai maimaita shekara. Ƙawayenta su sa rigar yaye ɗalibai, ita tana kallo. Ga babanta tuni ya gama shaida wa duk unguwa cewa bana 'yarsa za ta fito.

Ta je laburare, sunan littafin yana cikin akwatin katuna, littafin babu. Wani tsohon ma'aikaci ya ce mata lokacin da aka koma sabon gini an zuba tsofaffin littattafai a buhuna, kowanne ya kama gabansa. Ta dawo ɗaki ta ja bargo ta rufe har kanta.

To, ita Suwaiba tana da wani hali: ba ta iya ganin rubutu ta wuce. Ko kwalin ashana ne sai ta karanta. Ranar Asabar da safe ta sayo musu ƙosai wurin Iya Gambo ta bakin ƙofar jami'a, tana tafe tana karanta takardar da aka ƙunshe shi. Sai ta ga zanen igiya mai ƙulle-ƙulle da lambobi a gefe, can ƙasa kuma ga rabin tambarin tsohon laburare, irin wanda aka daina bugawa tun ba a haife ta ba. Wani da ya gani ma ba zai gane ba. Ita aikinta ne. Ta juya a guje, silifas ɗaya ya fita ba ta tsaya ɗauka ba. Ta iske Iya ta jawo wani littafi mai koren bango daga ƙarƙashin benci, ta kama shafi za ta yage.

"Iya, tsaya! Don Allah kar ki yaga!"

"Ke 'yar nan, lafiyarki? Kin firgita ni, saura kaɗan in kifar da mai."

Iya ta ce ita ba ruwanta da abin da ke ciki, wata maƙwabciya ce ta ba ta buhun takardu tun tuni, sai jiya layi ya zo kan wannan. A kawo mata abin ƙunshe ƙosai a ɗauka. Suwaiba ta koma ɗaki ta kwaso duk littattafan rubutunta na shekara uku, waɗanda ko aro ba ta bayarwa, ta jibge wa Iya, ta rungumo koren littafi.

Shafa'atu ta yi tsalle har ta buga kai da gadon sama. Amma da aka buɗe, sai murna ta tsaya. Iya daga tsakiya ta fara yaga. Warƙa ashirin da biyar babu, kuma su ne daidai babin sifiri. Ɗaya ce kawai a hannu, wadda ta zo da ƙosansu. Shafa'atu ta fashe da kuka.

Balaraba ta ce, "Kukan me kike yi? Ƙosan aka cinye, ba takardar ba."

Ita Balaraba Allah ya ba ta murya, ya kuma cire mata kunya. Ta je ta sa Iya ta lissafo mata duk wanda ya saya jiya da yau. Ta ɗauki bokiti da ludayi tana bugawa kamar ganga, tana bin ɗakunan 'yan mata hawa-hawa. Ta hau kan tankin ruwa ta yi shela: duk wanda ya kawo takardar ƙosan Iya, za ta gaishe shi da sunansa da na garinsu a shirinta na rediyon ɗalibai. Ta tsaya a ƙofar ɗakunan maza tana ihu har suka fito suna dariya, kowa yana zazzage kwandon shararsa. Ta tare masu shara kafin su cinna wa bola wuta, ta naɗe hannun riga ta shiga da kanta. Warƙa ta ƙarshe a wurin mai shayi ta same ta, an ninke ta an tokare ƙafar tebur. Ranar Lahadi da la'asar ta shigo ɗaki da warƙa ashirin da huɗu cif, murya ta dishe, ko sallama sai da hannu ta yi.

Aka shimfiɗa su a kan gado. Sai ga wata sabuwa. Mai ya jiƙa takardun har sun zama kamar leda, rubutun gaba da na baya sun cakuɗe, ga yaji ya manne. Shafa'atu ta ɗaga ɗaya a hasken taga, ko layi guda ba ta iya fitarwa ba.

Ramlatu ba ta cika magana ba, sai ta wuni ba ka ji bakinta ba. Ta tattara takardun ta ce, "Kar wanda ya ƙara taɓa su." Ta daka alli ya yi laushi, ta haɗa da hodarta ta kwalliya gaba ɗaya. Kowace warƙa sai ta barbaɗa mata gaba da baya, ta sa ta tsakanin fararen takardu, ta ɗora dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, ta kaɗe, ta sake. In zafi ya yi yawa takarda ta ƙone, in ya yi kaɗan mai ya ƙi fita, ita kaɗai ta san daidai. Da aka ɗauke wuta ta aro na gawayi wurin mai wanki, har ya ƙona mata yatsu biyu. Kwana biyu tana durƙushe a kai. Ranar Talata ta sa zare da allura ta ɗinke kowace warƙa a mazauninta, ta miƙa wa Shafa'atu. Rubutu tar, kamar bai taɓa ganin kasko ba.

Shafa'atu ta zauna karatu ta manta da abinci. Ta ga yadda mutanen zamanin da suke ƙirga dabbobinsu da tsakuwa, wasu da ƙullin igiya, wasu da zane a jikin yumɓu. Ta ga yadda aka daɗe ana barin fili a wurin da babu komai, har wasu a ƙasar Indiya suka ba babun alama tata, ta bi ta hannun Larabawa ta zaga duniya. Tana karantawa tana dariya ita kaɗai, kamar wadda aka gabatar wa danginta da ba ta taɓa gani ba. Kwana biyu ta rubuta babin.

Ranar Alhamis ta ajiye kundi da littafi a teburin Farfesa. Ya ɗauki littafin, ya kai hanci.

"Wannan ƙamshin fa?"

"Ƙosai ne, Malam."

Ta ba shi labari. Ya buɗe bangon baya, ya zaro katin aro daga aljihunsa, ga sunansa nan da rubutunsa na ƙuruciya. Tsoho ya yi dariya har hawaye.

"Shekara arba'in ina cigiyarsa, ashe yana bakin ƙofa ƙarƙashin bencin Iya, kullum ina wuce shi a mota!"

A tsaye ya karanta babin. Ya sa hannu, ya ba ta makin da ba a taɓa jin ya ba kowa ba, ya aika aka sayo wa duk ofis ƙosai. Ranar ce Shafa'atu ta yi alkawari a gaban ƙawayenta, ta ce 'yarta ta fari sunan wadda ta cece ta za ta ci.

Su huɗun suka fita tare. Shafa'atu aka riƙe ta tana koyarwa a sashen. Bayan shekara biyar ta yi aure, ta haifi mace, mijin ya ce suna nata ne, ta zaɓa. Ana gobe suna sai ga su ukun sun cika ɗakin mai jego, jaririya tana yawo daga cinya zuwa cinya.

Suwaiba ta ce, "Ba don idona ba, da tuni an cinye ƙosai a ciki har bangon."

Balaraba ta ce, "Bango kika kawo, Hajiya. Ni na kawo babin, daga cikin bola kuma."

 Ramlatu kuwa ta ɗaga yatsunta biyu masu tabo, ta ci gaba da jijjiga yarinya.

Goggon Shafa'atu ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Ku dai ku gama, gobe da safe suna ɗaya liman zai raɗa."

Shafa'atu ta dubi wannan, ta dubi waccan, tana dariya.

To, ku da kuka ji: wadda ta gane littafin, da wadda ta tattaro shi, da wadda ta raba shi da mai, wace ce a cikinsu ta fi cancanta a yi mata takwara?