Sai Shamuwa Sun Tashi

Akwai wata mace da mijinta, mutanen ƙasar duwatsu ne can kudu. Kawun mijin ya rasu a arewa bai bar ɗa ba, gidansa ya zama nasu, sai suka kwashi yaransu biyu suka koma a tsakiyar damina. Gidan yana can bakin gari shi kaɗai, ba maƙwabci kusa. A bayansa akwai wani fili da ake kira lambu, wanda tsohon bai taɓa nomewa ba. Ya bar wa tsuntsaye da ƙwari, har kaskon ruwa ya ajiye musu a gindin kuka.

Lambun nan kuwa ya yi kore shar. Tafasa ta kai gwiwa, malam-buɗe-littafi yana ta yawo a kan furenta, da yamma kwaɗi ba sa barin kowa ya ji maganar wani. Itace ɗaya ne ya fita daban. Babba ne, mai ƙaya, rassansa sun miƙa har kan ɗakin da yara suke kwana, amma ganye ko ɗaya babu. Irinsa ba ya tsiro a ƙasarsu, ko sunansa ba su sani ba. A can samansa shamuwa biyu sun yi sheƙa, da 'ya'yansu a ciki.

Ran nan wani mai gawayi ya biyo ta wurin da gatari a kafaɗa. Ya ɗaga kai ya dubi itacen, ya ce wa mijin, "Maigida, itace ba ganye a tsakiyar damina, me kake jira? Sai ya faɗo wa yara? Ni zan sare maka shi, ba sai ka ba ni komai ba, itacen kawai za ka bar mini."

Mijin ya yarda nan take. Amma matar ta ajiye tsintsiyarta ta ce, "Baban Tabita, tsohon nan ya tsufa a gidan nan bai sare shi ba. Ga kuma 'ya'yan shamuwa, ko fiffike ba su yi ba. Ka bari sai sun tashi."

Ya ce, "'Ya'yan tsuntsu kike tausayi, Maman Tabita. Naki fa?"

Ta ce, "Nawa yau ɗin nan zan kwashe su zuwa ɗakina."

Ya ce, "To, na ji. Amma ranar da suka tashi, gatari zai hau."

Haka kuwa ta yi. Ta bar wa yara gadonta, ita ta koma tabarma a ƙasa, ga sanyin damina, ga sauro. Ba ta yi gunaguni ba. Kowace safiya, kafin ta hura wuta, sai ta zaga lambu ta duba. Ta taɓa kankare ɓawon itacen da wuƙa ta ga cikinsa da danshi, ta nuna wa mijinta. Ya ce, "Wanda ya mutu jiya ma yana da danshi." Duk da haka ba ta daina zuwa ba.

Tana nan tana kallo, lokaci ya fara juyawa. Kukan kwaɗi ya ragu. Tafasa ta zubar da fure ta yi 'ya'ya, fara ta cika ciyawa, ganyen kuka ya fara ja da baya. 'Ya'yan shamuwa suka yi girma, suna tsayawa bakin sheƙa suna kaɗa fiffike. Duk lokacin da suka kaɗa, sai ta tuna da gatari, gama itacen yana nan yadda yake.

Wata safiya ta fito ta tarar da sheƙa ba kowa. Kafin rana ta take, ga mai gawayi yana wasa gatarinsa a kan dutse.

Mijin ya ce, "Alkawari ya cika."

Ta ce, "Ya cika. Ka ba ni in ɗauko abu ɗaya."

Ta ɗauko doguwar gorar da ake kaɗo kuka da ita, ta janyo wani reshe da ta daɗe tana sa wa ido. Ƙaya ta yage mata hannu, ba ta saki ba, sai da ta karyo kansa ta sa wa mijinta a tafin hannu. A gindin kowace ƙaya ga ɗan toho kore, bai fi ƙwayar gero ba.

Mai gawayi ya leƙa, ya yi dariya ya ce, "Ai gawo ne. Haka yake yi kowace shekara, da damina ya tuɓe, da rani ya sa riga."

Mijin ya ce, "Ashe ka sani?"

Ya saɓa gatarinsa ya ce, "Ba ku tambaye ni ba."

Da rani ya kankama, kuka ta zama tsirara, ciyawa ta bushe ƙarau. Gawo kuwa ya rufe da ganye, ya yi fure, ƙudan zuma suna ta shawagi a cikinsa. Kurciyoyi da ƙananan tsuntsaye duk suka dawo kansa, awaki suna tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Da tsakar rana, nan mijin yake shimfiɗa tabarmarsa.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Lambun nan gidajenmu ne. Ubangiji ne ya dasa kowa a ciki, ya kuma ba kowa lokacinsa. Wataƙila a gidanki akwai gawo. Yaran maƙwabta suna waƙa a majami'a, naki yana zaune a waje ya haɗe rai. Ko miji ne, ko ƙane, ko ma zuciyarki ce ta bushe, addu'a ta ƙi fita. Mai gawayi kuwa shi ne Magabci. Ya san da rai a ciki, ya fi ki sani, shi ya sa yake hanzari. Yakan zo da maganar da ta yi kama da hankali, ya ce ki cire hannu, ki daina kai sunan nan gaban Ubangiji.

Jira ba zaman banza ba ne. Matar nan ta kawar da yaranta daga inda take jin tsoro, ta kwana a ƙasa, ta fita kowace safiya ta duba. Mu ma haka za mu yi. Wanda kuke gani ba ganye a yau, mai yiwuwa inuwarsa ce za ta rufe gidan ranar da sauran suka bushe. Kada ku miƙa wa kowa gatari. Gobe da safe ku sake fita ku duba.