Layin Zoɓon Ummussalma

Akwai wani mutum a Dingaya, Alhaji Maikuɗi, wanda idonsa ba ya ƙoshi da ƙasa. Ƙanensa ya rasu ya bar matarsa Ummussalma da marayu da 'yar gona a jikin ta Alhaji.

Layin zoɓo ne iyakar gonakin biyu. Ummussalma ke shuka shi duk shekara da irin da take adanawa a gora. Ta dafa wa yara su sha, ta rina kabar faifai da ragowar ruwan.

Tana cikin takaba Alhaji ya shiga da adda ya sassare layin, har 'ya'yan da ta bari su bushe don iri suka farfashe a ƙasa. Ya tura iyaka can cikin gonar marayu, ya dasa duwatsu. Da yamma kuma ya zo gidan yana shafa kan yaran da wannan hannun. Tir da hali irin wannan!

Da ta fita takaba ta je gona ta ga duwatsun, sai ta nufi wajen Alhaji.

"Yaya, ai iyakar ba nan take ba."

"Ke za ki nuna mini gonar ubana? Ina shaidarki?"

Ba ta da shaida. Ta bar shi da Allah.

Damina ta zo da gardama. Alhaji na shagonsa a Birnin Kudu, ya fi ƙarfin taka gona, sai ya turo 'yan ƙwadago. Su kuwa da suka ga yakuwa ta tsiro a jere inda irin zoɓon ya zuba, suka kewaye ta. Wane manomi ne zai sare ganyen miya?

Ummussalma ta gani, ta ƙyale ta ta girma.

Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yanƙwane. Zoɓo kuwa ko a jikinsa. Ya tsaya jawur, layi guda daga gindin wata tsamiya har bakin hanya, daidai inda tsohuwar iyaka take. Sai a lokacin ta kai ƙara, mai unguwa ya kira Alhaji gaban dattawa a gonar.

"Alhaji, wa ya shuka wannan?"

"Ai... da kansa ya fito."

"Da kansa, a layi? Ashe a nan ka sare uwarsa."

Wani dattijo ya tofar da yawu ya juya baya. Alhaji da babbar rigarsa ya dinga cicciɓar duwatsu yana mayarwa, babu wanda ya kama masa.

Har yau idan aka miƙo masa zoɓo a wajen biki, kau da kai yake yi.

Darasi: Kada ka ci haƙƙin maraya don ka ga ba shi da mai tsaya masa. Allah na iya tsiro masa da shaida daga ƙasar da ka ƙwace. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙon gadon marayu.