Wanda Ya Ɗora wa Ungozoma Laifinsa

An yi wani mutum a nan birnin Katsina, ɗan siyasa. Ba zan faɗi sunansa ba. Da jam'iyyarsu ta ci zaɓe, aka saka masa da shugabancin hukumar da ke kula da wasu asibitocin gwamnati. Ya bar gidan gadonsu na Ƙofar 'Yandaka ya koma GRA.

A ɗaya daga cikin asibitocin akwai wata ungozoma, Malama Hafsat, shekararta ashirin tana karɓar haihuwa. Firjin ajiye jini ya lalace. Ta rubuta takarda, shiru. Ta sake rubutawa, shiru. Ta ukun da ƙafarta ta kai ofishinsa, ta yini a kan benci. Ya karɓa, ya sa hannu, ya ce, "Za a duba, Malama." Hankalinsa kuwa yana kan taron jam'iyya.

Cikin wata biyu mata huɗu suka rasu a ɗakin haihuwa. Jini ya ɓalle musu, babu na ƙari.

Gari ya ɗauki magana. Mutumin ya kwana biyu abin na cin sa, don ya san inda takardar take. Amma kujera yake so. Ya shiga gidan rediyo ya ce sakacin ma'aikata ne, shi labari bai taɓa iso masa ba. Aka kori Hafsat.

Ya 'yan uwa, wa ya yaudara? Mu da muka saurara, ko Wanda ya ga hannunsa a kan takardar?

Bayan shekara aka turo masu bincike daga Abuja, suka tono takardar da sa hannunsa. Waɗanda suka naɗa shi suka ce ba su san komai ba, shi kaɗai ne. Aka karɓe mota, aka karɓe gida. Ya koma Ƙofar 'Yandaka, masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Da ciwo ya yi tsanani, ya sa aka kai shi Kambarawa, inda Hafsat ke ɗinki a zauren gidanta. Da ƙyar ya iya cewa, "Malama, ki yafe mani."

Ta ce, "Alhaji, nawa na yafe, na gaji da riƙo. Amma matan nan huɗu fa? Ba ni da ikon yafe nasu."

Ya roƙe ta sunayensu, domin ko ɗaya bai sani ba. Ta faɗa masa. Ya aika a nemo gidajensu don neman yafiya, gida ɗaya kawai aka gano. Mijin ya fito, ya saurari ɗan aike, ya ce, "Ku ce mashi mu haɗu can gaban Allah." Ya rufe ƙofa. Kafin damina ɗan siyasar ya rasu.

Ya 'yan uwa, mun gaji da binne mata, mun gaji da jin "za a duba". Muƙami amana ne. Za ka iya ture laifi kan na ƙasa da kai a duniya, amma haƙƙin rai yana nan yana jiranka, kuma mai shi kaɗai ke yafe shi.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Amin.