Safar da Aka Auna da Yamma

Akwai wata nas mai suna Damaris, tana aiki a ɗakin jariran bakwaini na wani asibiti. Ɗaki ne da babu zama a cikinsa. Daga ta karɓi aiki da safe har ta miƙa da yamma, a tsaye take tana zagaya kwalaben jariran, ta ba wannan madara ta siririn tiyo, ta juya wancan, ta sa ido a kan numfashin kowa. Tana son aikin nan kamar ranta.

Amma ƙafafunta suka fara ba ta kunya. Kafin la'asar sai su kumbura, takalmi ya ƙi fita, jijiyoyi su fito a bayan gwiwa. Likita ya duba ta, ya ce zuciya da ƙoda lafiya lau, tsayuwa ce ta yi yawa, ta nemi doguwar safa irin mai matse ƙafa. Shugabar ɗakin kuwa, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama Kande, ta lura da yadda take dafa bango, sai ta kira ta gefe.

Ta ce, "'Yata, in ƙafar nan ba ta daidaita ba, zan mayar da ke wajen yankan kati. Mai ɗingishi ba ta iya gudu in jariri ya ɗauke numfashi."

Maganar ta yi wa Damaris zafi ƙwarai, ta kuwa ƙudura a ranta ba za ta bar jariran nan ba. A ranar, tana tashi aiki ta wuce kemis da ƙafafunta a kumbure. Aka ba ta safa ta farko, ta ja, ta ja, ta ƙi wuce dunduniya. Ta ce, "Wannan ba tawa ba ce." Aka kawo babba, ta shige sumul ba gardama. Ta ce, "Yawwa, ga tawa."

Washegari da safe kumburi ya sauka, safa ta zama buhu. Tana tafiya tana zamewa. Don kada ta faɗo, sai Damaris ta riƙa naɗe bakinta a ƙasan gwiwa, naɗin kuwa ya zama kamar igiya, ya tare jini, ya bar mata shati a fata. Ƙafa ta ƙara kumbura fiye da dā. Ga safa a ƙafa, ga ciwo yana nan, har ta fara cewa a ranta abin duk yaudara ne.

Wata rana Mama Kande ta same ta a zaune tana murza idon sawu. Ta durƙusa, ta sa yatsu a cikin safar, hannunta duka ya shige. Ta ce, "Yaushe kika gwada wannan?"

Damaris ta ce, "Da yamma, Mama, bayan na tashi aiki."

"To, ai kumburi kika saya wa safa, ba ƙafa ba. Ke da kanki kike gaya wa marasa lafiya su auna da safe."

Kunya ta kama Damaris, don gaskiya ne, ta sha faɗa wa wasu. Ta kwana da tef ɗin awo a gefen filo. Da asuba, tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba, ta auna idon sawu, ta auna sharaɓa. Da ta kai awon kemis, aka miƙo mata safar nan da ta ƙi tun farko.

Sa ta ba wasa ba ne. Sai ta tashi da wuri, ta zauna bakin gado tana ja a hankali har gumi ya karyo mata. Ga zafin gari, ga ƙaiƙayi. Sau da yawa ta so ta cire ta jefar, sai ta tuna da tebur ɗin yankan kati, ta cije, ta ci gaba da ja. Kwanaki suna tafiya, takalmi ya fara fita da yamma ba kokawa. Ranar da wani jariri ya ɗauke numfashi a ƙarshen ɗakin, Damaris ce ta fara isa gare shi, kuma ya rayu. Mama Kande ba ta sake tayar da maganar kati ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: safar nan Maganar Allah ce, kumburin kuwa fushi ne da girman kai da gajiyar da duniya ke tara mana a yini. Da yawanmu sai zuciya ta kumbura muke neman Maganar, mu gwada wadda ta ce mu gafarta, mu ce ta matse, ba tamu ba ce. Sai mu ɗauki wadda ta shige sumul, wadda ba ta hana mu komai ba. In ta ƙi zama, mu naɗe ta, mu riƙe rabi mu bar rabi, ta ji mana ciwo, sa'an nan mu ce addu'a ba ta aiki.

'Yan'uwa, ku je gaban Ubangiji da sassafe, tun maƙwabci bai ɓata muku rai ba, tun kasuwa ba ta ɗaga muku hankali ba. Ku bar shi ya auna ku yadda kuke. Abin da zai ba ku zai matse, ba na ɓoye muku, wata rana har da gumi. Kada ku cire. Akwai yaro a gidanku, akwai mai rauni a ikilisiya, da numfashinsa ke jiran wanda zai iya tsayawa har yamma. Maganar da ta matse ka da safe, ita za ta kai ka wurinsa.