Mutumin da Ya Fige Tantabarunsa

'Yan'uwa, Fasto ya ce in riƙe ajin manya yau. Na rubuta abin da zan faɗa, gama kwanakin nan in na tsaya magana da ka, sai muryata ta ƙare a hanya.

Kun san ɗanmu Irmiya ya rasu da daminar nan, ramin haƙar kuza ya rufta da shi, bayan mun hana shi shiga har bakinmu ya gaji. Tun da muka binne shi mahaifiyarsa Briskila ba ta ƙara taka ƙofar majami'a ba. Tambaya ɗaya take yi mini: "Baban Irmiya, in Allah ya san ramin nan zai rufta, me ya hana shi karya wa yaron ƙafa tun da safe? Da na yi jinyarsa ina godiya." Na kuma ji waɗansu suna cewa lokaci ya yi da dattawa za su kira ta su sa ta a horo, ko ta dawo hanya. Ba ni da ilimin da zan yi gardama da kowa. Misali ɗaya nake da shi.

Akwai wani magidanci a wani ƙauye, ba shi da shanu, ba shi da tumaki, tantabaru yake kiwo. Ya rataye musu tsofaffin tukwane a jikin katanga, ya ajiye musu kaskon ruwa a inuwa.

Masu wannan kiwo suna da dabararsu. In ka sayo sabuwar tantabara a kasuwa, sai ka fige mata dogayen gashin fiffike don kada ta tashi ta koma gidan da ta fito. Kafin gashin ya sāke tsirowa, ta riga ta saba da hatsinka da ruwanka da muryarka. Sau ɗaya ake yi. In gashi ya fito ta tashi, sai ka zuba ido, ko ta dawo ko kuwa ta tafi ke nan.

Na mutumin nan duk sun daɗe da wuce wannan. Da safe sukan watse, kowace ta nufi inda ranta yake so. Da yamma in ya dawo daga gona, sai ya zauna a kan turmi da ƙwaryar dawa, ya yi fito. Kafin ya rufe baki sun cika tsakar gida, wata a kafaɗarsa, wata a gwiwarsa, wata mara kunya har a kan hularsa.

A cikinsu akwai wata ja mai farin wuya. Tun tana 'yar shila uwarta ta ƙi ta, shi ne ya riƙa tauna dawa yana ɗura mata da bakinsa har ta yi ƙarfi. Ita ce kuwa ta fi duka nisan kiwo. Takan ƙetare rafi ta tafi masussuka, inda hatsi yake zube, inda kuma shaho yake shawagi. Mutumin ya sani. Ya ƙara mata hatsi a gida, ba ta fasa ba. Wani lokaci yakan bar aikin gonarsa ya tafi can da majajjawa yana korar shahon.

Wata rana da yamma ya yi fito, duka suka sauko, ban da ita. Kashegari ya je masussuka, ya tarar da jan gashi warwatse a gindin ɗorawa.

Ya dawo gida. Ya bi tukwane ɗaya ɗaya, ya kama tantabarun nan duka ya fige su, manya da ƙanana. Ya ce, "An gama ci mini tantabaru."

Haka kuwa aka yi. Duk sa'ad da ya ga gashi ya fara tsirowa, sai ya sāke kamawa ya fige. Ya sauko da tukwanen ƙasa, gama ba su iya hawa. Shaho yakan zo ya zagaya sama ya tafi da yunwarsa, domin mutumin ya yi musu rumfa. Suna ci, suna sha, suna yawo a tsakar gida da ƙafa. Kaka ta wuce, rani ya shigo, ba wadda ta ɓace.

Ana nan sai taubashinsa ya zo daga wani gari, dattijo mai bakin tsiya. Ya yi sallama, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Kai bawana, yaushe ka koma kiwon kaji? Kajin ma 'yan mitsi-mitsi, ko miyar baƙo ba za su yi ba."

Mai gida ya ce, "Wanke idonka, tsohon banza. Tantabaruna ne."

"Tantabaru? To su tashi mana in gani."

"Na fige su."

"Duka jiya ka sayo su ke nan? Ashe ka yi arziki ka ɓoye wa ubangidanka."

"Ba sababbi ba ne. Shaho ne ya ci mini jar nan. Tun daga ranar kuwa ko ɗaya ba ta ƙara ɓacewa ba."

Taubashin ya bar dariya, gama ya san yadda aka yi renon jar nan. Ya ce, "Ashsha. Sannu. Allah ya ba ka haƙuri." Ya zauna, can ya ce, "Kira mini su yadda ka saba."

Mai gida ya ɗauko ƙwarya, ya zauna a kan turmi, ya yi fito. Da jin fiton, tantabarun suka ruga da gudu, suna tuntuɓe da juna, suka shige ƙarƙashin rumbu. Sun riga sun san hannun nan, sun san abin da yake yi in ya kama.

Mai gida ya ce, "Haka suke yi yanzu. In na watsa na tashi, za su fito su ci."

Taubashin ya ce, "Gaskiyarka, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Amma tun daga ranar, guda nawa suka dawo maka?"

"Su dawo daga ina? Ai ba su je ko'ina ba."

"To, ka faɗa da bakinka. Ba ni ruwa in sha, rana ta dafa ni."

Bayan tafiyar baƙon, mutumin bai ƙara fige su ba. Ba da sauƙi ya bari ba. Sau da yawa yakan ga gashi ya yi tsawo, hannunsa ya miƙa da kansa, sai ya janye shi. Ya rushe rumfar, ya mayar da tukwane jikin katanga.

Ran nan da safe ɗaya ta gwada, ta hau rumbu. Sauran suka bi. Kafin hantsi sun tashi duka, gidan ya yi tsit.

Da yamma ya zauna ya yi fito har leɓunansa suka bushe. Rana tana gab da fāɗuwa 'yan kaɗan suka zo, suka sauka a kan katanga, nesa da shi. A kwanakin da suka biyo waɗansu suka ƙaru. Waɗansu kuwa ba su dawo ba har yau. Akwai waɗanda shaho ya ci, akwai waɗanda suka sami wani gida. An daɗe kafin wata ta yi ƙarfin hali ta sauka a gwiwarsa, ta tsinci dawa a tafin hannunsa, tana ci tana kallonsa da ido ɗaya. Ya bar hannun a buɗe har ta ƙoshi ta tashi.

Ma'anar wannan misali ita ce, tantabarun nan mu ne. Fukafukai kuwa ikon zaɓi ne da Allah ya ba ɗan adam, ya ce i ko ya ce a'a, ya tafi ko ya zauna. Masussuka ita ce duk wurin da abinci da mutuwa suke zaune tare, irin wuraren nan kuwa ba su da wuyar samu a ƙasarmu.

Akwai inda misalin ya gaza, gara in faɗa da kaina. Mutumin nan sai da ya yi kuskure kafin ya gane. Allah bai taɓa yin wannan kuskure ba. Tun a gonar farko bai kewaye itacen nan da ya hana ci da ƙaya ba. Ya yi magana, ya gargaɗi mutanen farko, ya bar su da ƙafafunsu. Ba don bai damu ba ne. Don yana so a zo wurinsa ne, wanda kuwa ba shi da ikon tafiya ba a cewa ya zo.

Matasanmu da suka yi makaranta sukan ce, in Allah ya riga ya san abin da mutum zai yi gobe, ai ba mutumin ne ya zaɓa ba. Ni dai ga abin da na gani. A ranar nan na san Irmiya zai tafi. Na ga yana gyara ƙotar digarsa tun ana gobe zai tafi, na san halin ɗana. Amma sanin da na yi ba shi ne ya ɗauke shi ya kai shi bakin ramin ba. In ni da nake ƙura na iya sani ban tura ba, balle Allah.

Ba mugunta ce ta kai shi ba. Kwano yake so ya rufa ɗakinsa ya yi aure. Ƙafafun da suka kai shi ramin, su ne suke kawo shi nan kowace Lahadi ya buga mana ganga, ba wanda ya aike shi. Su ne suke kai shi daji ya ɗebo wa uwarsa itace ba ta roƙa ba. Na yi ta juya abin nan a raina, ban ga yadda za a cire ɗaya a bar ɗaya ba. Da a ce Allah yana karya ƙafar duk wanda ya nufi inda bai kamata ba, da dukanmu da rarrafe muka zo sujada yau, har da dattawa.

Ban ce wannan ya amsa kome da kome ba. Jaririn da zazzaɓi ya ɗauka, me ya zaɓa? Ban sani ba. In wani ya sani, ya zo ya gaya mini. Abin da nake riƙe da shi kawai shi ne, Mai gidanmu bai zauna a kan turmi yana fito kaɗai ba. Ya ƙetare rafin da kansa, ya tsaya a masussuka, ya bar shaho ya sauka a kansa. Yesu ya shiga rami shi ma, aka rufe shi da dutse, ya fito. Saboda haka nake sa zuciya ramin kuza ba shi ne zai yi maganar ƙarshe a kan ɗana ba. Wata rana ina gaskata wannan da ƙarfi. Wata rana da ƙyar nake riƙe bakin zaren. Ina tsammani ita ma wannan bangaskiya ce, mutum yana da fiffike, yana da dalilin tafiya, ya dawo ko da kan katanga ce ya tsaya.

Na ba Briskila misalin nan kafin in kawo muku. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Kai da tantabarunka. Ni ɗana nake so, ko gurgu ne." Ni ma akwai ranakun da zan karɓi gurgun da hannu biyu.

Yanzu ga roƙona, dattawa da ku 'yan zumuntar mata. In kun kira ta kun sa ta a horo, za ta zo. Na san ta, mace ce mai jin kunyar mutane. Za ta zauna a bencin baya kowace Lahadi, ta miƙe in an ce a miƙe, ta rufe ido in an ce a yi addu'a. Za ku ƙirga ta a cikin waɗanda suka halarta. Amma ranar da ta ji an ambaci sunan Allah, zuciyarta ƙarƙashin rumbu za ta shige, wataƙila kuma ba za ta ƙara fitowa ba. Abin da Allah da kansa ya ƙi yi mata, kada mu yi mata shi da sunansa. Haka kuma ga duk wanda yake da ɗa ko miji ko ƙane da ya yi nisa. Ku gargaɗe shi, ku bi shi da majajjawa in kuna iyawa, ku ajiye hatsi da ruwa. Hannu dai a bar shi a buɗe.

In kuna so ku taimake ta, ku je gidan. Acca tana nan ba a sussuka ba, ni kaɗai ba na iyawa. Ku zauna da ita, ku kama aiki. In ta yi magana mai zafi a kan Allah, kada ku yi saurin kāre shi, ya ji waɗanda suka fi wannan zafi bai rushe ba.

Yau da zan fito tana tankaɗe a ƙofar madafa. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Wa yake wa'azi yau?" Na gaya mata. Ta ce, "To," ta ci gaba da tankaɗenta. Na ɗan tsaya, na taho.

Mu yi addu'a.