Yadda Shamuwa Ta Rasa Murya

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta zo mu ji ta da kyau.

Shamuwa ce ɗanta ya faɗo daga sheƙa ya mutu. Don ta rage zafi, sai ta ƙaga labarin ɗan tsuntsun da ya tashi zuwa garin gizagizai, uwarsa tana jiransa. Tana ba da shi, Aku na gefe ya kasa kunne.

Ta yi tafiya ta shekaru. Da ta dawo sai ta tarar da 'yan tsuntsaye maƙil a kan bishiyar kuka, Hankaka na shela: "Sabon labarin Aku! Wanda bai ji ba bai waye ba!" Ashe nata ne, an cusa masa dodanni, an cire uwar.

Ta ce, "'Ya'yana, bari in ba ku shi yadda yake."

Ba ta yi nisa ba ɗan Kanari ya katse ta: "Iya, ina dodon?"

"Babu dodo. Uwa ce take jira."

"Kai! Labarin Aku kika sata, kuma ba ki iya ba!"

Suka watse suna dariya. Shamuwa ta buɗe baki za ta kira su, murya ta ƙi fita. Har yau sai dai ta kaɗa baki, ƙwas-ƙwas.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta tafi ta bar mu.